Tambaya da Amsa: Ƙwayar Cutar da Ba Ta Tsirowa a Farantin Gwaji

Wasiƙu huɗu na ware a wannan watan. Ɗaya a kan yaro take, ɗaya a kan matar aure, ɗaya a kan kyanwa, ta ƙarshe kuma shanu, amma duk dangin ƙwayar cuta guda suke zagayawa, wadda ake kira maikoplazma. Masu rubuto mini sukan kira ni likita. Aikina gwaji ne, shekara ashirin da 'yan kai ina zaune gaban madubin gwaji ina duba jini da kaki da fitsari. Rubuta magani na likita ne, ni kuwa takardar sakamako zan taya ku karantawa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ɗana ɗan shekara tara ya shiga mako na uku yana busasshen tari mai hana barci. Zazzaɓin ba mai zafi ba ne, yana ma zuwa boko da Islamiyya. Mun saya masa amoksisilin a kyamis, ya sha kwana biyar, ko gezau. A asibiti an ɗauki hoton ƙirji, an gwada kakinsa an ce ba tarin fuka ba ne, an kuma yi shukar kakin, takarda ta fito cewa babu abin da ya tsiro. Duk da haka likita ya ce yana zaton maikoplazma ce, ya canza magani. Ta yaya zai ce akwai cuta alhali gwaji ya ce babu? Ko dai lalube yake yi? Daga uwar yara huɗu, Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba yaro lafiya. Likitanki ba lalube yake yi ba, kuma na ji daɗi da ya fara da gwajin tarin fuka, domin a ƙasar nan duk tarin da ya kai mako biyu nan ya kamata a soma.

Bari in faɗa miki abin da muke yi da kakin da kuka kawo. Mukan shafa kaɗan a gilashi mu rina shi da rinin da ake kira Gram, sauran mu shuka a faranti biyu ko uku, mu sa a na'urar ɗumi kwana ɗaya zuwa biyu. Rinin nan ɓawon ƙwayar cuta yake kamawa. Yawancin bakteriya suna da ɓawo mai tauri kamar na gyaɗa, ita kuwa maikoplazma ba ta da shi sam, 'yar fata ce kawai mai laushi ta lulluɓe ta. Saboda haka rini bai da wurin kamawa, ga ta kuma ƙanƙanuwa ƙwarai, tana iya ratsa matatar da ke tare sauran bakteriya. Ko kwana zan yi a kan madubi ba zan gan ta ba.

Rashin ɓawon nan shi ne kuma dalilin da amoksisilin bai yi aiki ba. Duk dangin fenisilin, har da allurar seftiriyazon da ake yawan yi wa mutane, ɓawo suke rusawa. Abin da ba shi da ɓawo me za su rusa? Abin ma har ya kai a ɗakunan da ake shuka maikoplazma da gangan, fenisilin ake zubawa cikin abincinta domin ya kashe sauran ƙwayoyin bakin mutum, ita kuma ta yi girmanta a ciki lafiya lau.

Farantin da muke amfani da shi kullum bai ishe ta ba. Tana son abinci na musamman mai ruwan jinin doki da yis, domin ba ta iya haɗa wa kanta kitsen kolestarol sai an ba ta. Ko an ba ta ɗin, wadda ke kama huhun mutum, da za ki ga an rubuta Mycoplasma pneumoniae, takan ɗauki mako biyu zuwa uku kafin ta nuna, wani lokaci har shida. Kafin nan yaro ya warke ko ya jigata. Don haka kalmar nan "babu abin da ya tsiro" ma'anarta ita ce ƙwayoyin da ke tsirowa a farantinmu cikin awa 48 ba su fito ba. Iyakarta ke nan. Ba ta ce komai a kan maikoplazma ba.

Wannan wahalar ta daɗe tana ruɗa masana. A 1944 wani ɗan Amurka mai suna Monroe Eaton ya raba ƙwayar daga kakin marasa lafiya, aka yi ta ɗaukarta a matsayin bairos kusan shekara ashirin. Sai a 1962 wasu masana uku, Chanock da Hayflick da Barile, suka shuka ta a faranti, aka tabbatar bakteriya ce.

To da me ake gane ta? Hanyoyi uku ne. Tsohuwar hanya ita na fara koya, kuma har yau ina tuna ranar. Wani dattijo da ya horar da ni ya ɗebi jinin wani saurayi mai irin tarin ɗanki, ya zuba a 'yar kwalba mai hana jini daskarewa, ya aika aka samo ƙanƙara a kofin silba, ya tsoma kwalbar ciki. Bayan 'yan mintoci ya ɗago ta ya karkata ta ga hasken taga, sai ga jinin ya yi tsaki-tsaki a jikin gilashi kamar an watsa yashi. Ya dunƙule kwalbar a tafin hannunsa har ta yi ɗumi, tsakin ya narke, jini ya koma sumul. Abin da ke faruwa shi ne cutar tana sa jiki ya ƙera wasu sojoji da ke manne jajayen ƙwayoyin jini idan an yi sanyi. Gwajin yana da ban sha'awa, sai dai kusan rabin masu cutar ne kawai yake nunawa a jikinsu, kuma wasu cututtukan ma suna sa shi fitowa. Alama ce, ba a yanke hukunci da ita.

Ta biyu ita ce neman sojojin garkuwar jiki a cikin jini, waɗanda za ki ga an rubuta IgM da IgG. Nan lokaci ne komai. IgM ba ya bayyana sai cuta ta yi kamar mako guda, saboda haka wanda aka ɗebi jininsa a kwana na uku zai iya fitowa babu alhali akwai. Idan ya bayyana kuma yakan zauna watanni, ta yadda yaron da ya yi cutar a farkon hunturu zai iya nuna "akwai" da bazara alhali wani abu dabam ke damunsa. Manya da suka taɓa kamuwa a baya wani lokaci ma ba sa ƙera IgM ɗin. Hanyar da ta fi inganci ita ce a ɗebi jini sau biyu, tsakaninsu mako biyu zuwa huɗu, a ga ko sojojin sun ninka sau huɗu. Kin ga wannan sai dai ya tabbatar da abin da ya riga ya wuce.

Ta uku ita ce PCR, wadda ke neman ƙwayar halittar cutar kai tsaye daga tsinken audugar da aka goga a maƙogwaro ko can cikin hanci, ko daga kaki. Irin fasahar da na'urar GeneXpert ke amfani da ita ce wajen gwada tarin fuka, amma kowace cuta da nata kayan gwajin, wanda aka yi wa ɗanki na tarin fuka ne kaɗai. PCR ta fi sauran saurin ganowa a farkon ciwo. Ita ma tana da nata: wani bincike da aka wallafa daga Holan a 2013 ya sami ƙwayar a hanyar numfashin kusan kashi 21 cikin ɗari na yaran da ba su da alamar ciwo ko ɗaya. Wato samunta a maƙogwaro bai isa a ce ita ce ta kwantar da yaro ba, sai an haɗa da yadda jikinsa yake.

Shi ya sa likita ya dubi shekarun yaro, da tarin da ya daɗe busasshe, da yadda yake yawonsa duk da abin da hoto ya nuna, da gazawar amoksisilin, ya harhaɗa. Likitoci a ko'ina haka suke yi da wannan cuta. Ina kyautata zaton azitromaisin ko wani ɗan'uwansa ya ba ku. Ki tabbata ya shanye yadda aka rubuta. Idan kwana uku suka wuce zazzaɓi bai sauka ba, ku koma, domin akwai irin da ya daina jin wannan magani, kuma ya yawaita ƙwarai a Sin da Japan. Idan numfashi ya yi sauri, ko leɓe ya canza launi, ko ƙuraje suka fito a baki da ido, ko fitsari ya yi duhu, kada ku jira gari ya waye. Ki kuma sa ido a kan ƙannensa, domin cutar takan yi mako biyu zuwa uku a jiki kafin ta nuna, sai ka ga gida ana tari bi da bi. Tarin kansa yana iya jan ƙafa makonni bayan ƙwayar ta mutu.

TAMBAYA: Malam, don Allah a sakaya sunana. Na je wani ɗakin gwaji na kuɗi saboda ƙaiƙayi da ɗan ruwa da nake gani. Takarda ta fito da Ureaplasma da Mycoplasma hominis, mai gwajin ya ce ciwon sanyi ne mai tsanani, ya rubuta mini magani kala huɗu. Na sha, na sake gwaji, har yanzu akwai. Maigida ya fara yi mini wani irin kallo, ni ma zuciyata ta fara zarginsa. Wasu kuma sun ce a masai na ɗauka. Daga wata baiwar Allah, Kaduna.

AMSA: 'Yar'uwa, wasiƙarki ta sosa mini rai, domin na ga aure ya girgiza a kan irin wannan takarda ba sau ɗaya ba. Ki saurare ni da kyau, in da hali ki karanta wa maigida.

Waɗannan biyun da aka rubuta miki dangin maikoplazma ne, suna kuma zaune a jikin mata masu lafiya da yawan gaske. Littattafan aikinmu suna kawo cewa ana samun Ureaplasma a jikin kashi 40 zuwa 80 cikin ɗari na matan da suka san namiji, akasarinsu ba tare da wani ciwo ba. Jariri ma yakan ɗauke ta daga mahaifiyarsa wajen haihuwa. Takardar nan ba ta iya nuna yaushe ƙwayar ta shiga, balle daga wa. Ba hujja ba ce a kanki, ba hujja ba ce a kansa. Zancen masai kuwa ki ajiye shi: abin da ba shi da ɓawo bushewa kaɗan ke kashe shi, mu da kanmu sai mun tsoma tsinken auduga a ruwa na musamman mun sa a sanyi kafin ya iso teburinmu da rai.

Na san irin gwajin da aka yi miki. Wani ɗan faranti ne mai ramuka a jere, ana ɗiga samfur a ciki, idan ƙwayar ta ci abincin da ke ramin sai launi ya juya daga rawaya zuwa ja, Ureaplasma cikin kwana guda, hominis cikin kwana biyu. Yana da sauƙi, launi na juyawa ana rubuta "akwai". A 2018 ƙwararrun Turai a kan cututtukan saduwa suka fitar da matsaya cewa bai kamata a riƙa gwada mutane waɗannan ƙwayoyi haka kawai ba, saboda yana jawo shan magani ba gaira ba dalili. Ina tare da su ɗari bisa ɗari. Kuma mai gwaji ba hurumin sa ba ne ya rubuta miki magani, ko ni ne.

Abin da ya kamata a nema a ƙaiƙayi da ruwa shi ne abubuwan da aka san suna kawo su: farin ruwan nan mai kama da dusar awara wanda fangas ke kawowa, da tirikomonas, da rikicewar ƙwayoyin gaba mai sa ƙarni, sai gonoriya da kilamidiya. Ukun farko da ɗigon ruwan gishiri da madubi ake fara duba su cikin mintoci. Hominis ma sau da yawa 'yar rakiya ce ga wannan rikicewar mai ƙarni, idan aka gyara ta sai ita ma ta ragu. Yawan shan maganin kashe ƙwayoyi kuwa shi kansa yana buɗe wa fangas ƙofa, ƙila ma shi ya sa ƙaiƙayinki ya ƙi tafiya.

Akwai 'yar'uwarsu guda da ba a wasa da ita, Mycoplasma genitalium. An fara raba ta daga wasu maza biyu a Landan, aka bayyana a 1981. Ita ta hanyar saduwa ake ɗauka, tana sa maza zafin fitsari mai yawan dawowa, tana kumbura bakin mahaifa, tana iya hawa sama. Shukarta na cin watanni, kuma ɗan farantin nan mai canza launi ba ya ganinta kwata-kwata. PCR ko makamancinsa kaɗai ke kama ta, a Amurka ma sai a 2019 hukumarsu ta amince da gwajin farko. Ga mace tsinken auduga ake amfani da shi. Ga namiji fitsarin farko-farkon fitowa ake tara, bayan ya riƙe aƙalla awa guda, saɓanin gwajin mafitsara da ake cewa a zubar da na farko a tari na tsakiya. Mutane da yawa a nan suke kuskure, su kawo mana na tsakiya, ƙwayar kuma ta riga ta bi na farko ta tafi.

Ki dakatar da maimaita wancan gwajin, ki ga likitar mata da duk takardunki da kwalayen magungunan da kika sha. Idan kina da juna biyu ki faɗa mata tun daga bakin ƙofa, domin a nan lissafin yakan canza, kuma maganin doksisaikilin ba na mai ciki ba ne.

TAMBAYA: Malam, kyanwata namiji ne, mai yawon dare da faɗa. Kwana biyar ke nan ba ya cin abinci, dasashinsa ya yi fari fat. Likitan dabbobi ya duba jininsa a gilashi ya ce bai ga komai ba, amma yana zargin maikoplazma ta jini. Haka ne? Kuma ƙannena suna wasa da shi, zai iya shafa musu? Daga ɗalibi, Samaru, Zariya.

AMSA: Ƙanena, Allah ya saka maka da tausayin dabba. Zargin likitan yana kan hanya, domin namijin kyanwa mai fita yana faɗa shi ne ya fi kamuwa. Ƙwayar sunanta Mycoplasma haemofelis. A tsofaffin littattafai za ka ga Haemobartonella, sai a 2001 aka mayar da ita cikin wannan dangi. Ba kamar ƙwayar maleriya da ke shiga cikin jan ƙwayar jini ba, ita a bayansa take maƙalewa kamar kaska a kunnen kare. Jiki sai ya ɗauki ƙwayar jinin a matsayin lalatacce, saifa ta rushe shi, jini ya yi ta raguwa.

Wani abokina likitan dabbobi ya taɓa kawo mini gilasai biyu na kyanwa ɗaya, mu duba tare da rinin Giemsa, irin wanda muke duba maleriya da shi. Na safe, gefen jajayen ƙwayoyin cike da ɗige-ɗige masu shuɗi, wasu ɗaiɗai wasu a jere kamar carbi. Na yamma, fes, kamar ba dabba ɗaya ba. Haka take, yawanta a jini yana hawa yana sauka cikin awoyi. Ƙari a kan haka, idan jini ya jima a kwalba mai murfi shunayya, ƙwayoyin sukan saki su zube, ka duba ka ga wayam. Dattin rini da ba a tace ba kuma yana kama da ita sak, har ya sa a ce akwai alhali babu. Shi ya sa duban gilashi ke kuskure fiye da rabin lokaci. In za a sake, a soki gefen kunne a shafa jinin nan take, a kuma maimaita a wani lokaci dabam.

Wannan irin har yau ba a iya shuka shi a faranti ba, PCR a kan jini shi ne gwajin da ake dogara da shi, kuma a ɗebi jinin kafin a fara magani, domin doksisaikilin yana ɓoye ƙwayar. Kai da ke Samaru asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana kusa da kai, ka tambaya can. Abin da ya fi gaggawa shi ne auna yawan jini. A jinin lafiyayyar kyanwa rabon jajayen ƙwayoyi yana tsakanin kashi 30 zuwa 45 cikin ɗari, idan ya faɗi ƙasa sosai ana iya buƙatar ƙarin jini. A kuma duba bairos biyu masu karya garkuwar kyanwa, da ake rubutawa FeLV da FIV, domin sukan zo tare. Ka tuna ko ya ci abinci mai albasa da yawa, ita ma tana fasa jinin kyanwa. Kada ka kuskura ka ba shi farasitamol, ƙwaya ɗaya tana iya kashe shi. Idan an ba ka doksisaikilin, ka bi kowace ƙwaya da ruwa a sirinji ko ɗan abinci, domin idan ta maƙale a hanyar abinci tana ƙona ta har ta tsuke.

Game da ƙannenka ka kwantar da hankali. Wadda ke sa mutane tari a jikin mutum kaɗai take rayuwa, daga mutum zuwa mutum take tafiya. Ta kyanwa kuwa samunta a jikin ɗan Adam abu ne mai wuyar gaske: an ba da rahoton wani mutum a Burazil a 2008, shi ma mai cutar ƙanjamau ne da garkuwarsa ta raunana. A kashe ƙumar da ke jikinsa, a wanke cizo ko yagi da sabulu. Masu karnuka su ma su sani akwai irin tasu, haemocanis, wadda ake danganta yaɗuwarta da kaska, amma ba ta cika kwantar da kare ba sai wanda aka cire wa saifa.

TAMBAYA: Malam, na ji an ce ciwon huhu na shanu ma maikoplazma ce. Mahaifina yana da garke, biyu suna nishi suna miƙe wuya. Za a iya gwadawa? Daga wani bawan Allah, Dambatta.

AMSA: Gaskiya ka ji, Malam, ita ce ma uwar dangin a wajen masana, domin daga huhun saniya wasu masana biyu, Nocard da Roux, suka fara shuka maikoplazma a Faransa a 1898. Ana gwadawa. Daga mai rai jini ake ɗiba a nemi sojojin cutar, kuma an fi so a ɗebi na dabbobi da yawa a garken, saboda saniyar da ta daɗe da ciwon takan ɓoye shi a ƙulli cikin huhu jininta ya fito babu. Daga wadda aka yanka, huhun kan yi tauri da zane-zane, ga ruwa rawaya cike da ƙirji. A ɗebi ruwan da yankin huhun a sa cikin ƙanƙara, jami'in dabbobi ya aika ɗakin gwaji irin na cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato, inda ake yin allurar rigakafinta. Ba ta kama mutane. Ku ware biyun nan yau, kada a kai su kara, kada su haɗa mashaya da sauran, ku kuma sanar da ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma, domin cuta ce da doka ta ce a kai rahotonta.